Kofin da Inna Ta Wanke

Na daɗe ban ji ƙarar wankin tasa a gidajen Sabon Birni ba. A da, idan hantsi ya yi, duk katangar da ka bi sai ka jiyo ta daga ciki, mace ta durƙusa a gindin randa da toka da yashin gulbi da jiƙaƙƙiyar tsamiya, tana dirzar tasa har sai ta ga fuskarta a jiki. Yanzu roba ce da silba, a watsa musu ruwan sabulu a kife. Ban ce zamani ya yi laifi ba, matan yanzu sun huta, kuma hutun ya dace da su. Ni dai ƙarar nake kewa, duk da cewa ita ce ta jawo mini aikin da na shafe fiye da shekara arba'in ina yi, wanda ban nema ba, kuma ba a taɓa sallamata daga gare shi ba sai bana.

A jami'ar da na yi karatu, can birni, akwai kofin ƙwallo da ake bugawa duk shekara tun kafin mu je. Tsakanin ƙungiyoyin ɗalibai 'yan ƙasa ɗaya ake yin sa: Kabawa da tasu, Zamfarawa da tasu, Katsinawa, 'yan Yawuri, da 'yan Kudu da suka haɗa kansu wuri guda. Mu Gobirawa ya kamata a ce ƙungiyarmu ɗaya, amma duk wanda ya zauna da mu ya san ba ma son bin juna. Tun shekarar farko aka yi rigima a kan wanda zai zama kyaftin, 'yan Isa suka ware, 'yan Sabon Birni suka ware, daga nan duk wasan da ya haɗa mu sai ya fi na kowa zafi. Kofin ba wani babba ba ne, fari ne mai hannu biyu, kuma a jikinsa ake rubuta wanda ya ci. Akwai wani mai gyaran agogo a kasuwar birni da ke zana suna a bayan agogo da ɗan tsinken ƙarfe, shi ake kai wa ya ƙara layi ɗaya kowace shekara. Ba wanda ya taɓa tunanin a kwafe sunayen a littafi, tunda ga su nan a jikin ƙarfe kowa yana gani.

Mu da muka taso a nan, a fakon bayan kasuwa muka koyi ƙwallo, ƙafa ba takalmi, ƙwallon kuma tsumma ne da aka ɗaure da igiyar kaba. Sai mun gama ba jakai ruwa, mun kai kara gida, sannan mu sulale. Mahaifina ɗan kasuwa ne, yana kai kaya Burkusuma ya haura da su Nijar, kuma har ya koma ga Allah bai ga amfanin wasan ba. Yakan ce bai gane dalilin da zai sa ƙarti su yi ta bin abu ɗaya da gudu ba, alhali ko sun kama shi ba a miya da shi. Yaran yanzu suna da takalma masu ƙusa da riguna masu lamba, sun san sunayen 'yan wasan ƙasashen da ba su taɓa zuwa ba. Mu sunan golan ƙauyen da ke gaba da mu kawai muka sani, amma mun san shi har da ƙafar da ke masa ciwo.

A shekarata ta uku a jami'a ni ne kyaftin ɗin Sabon Birni, kuma wasan ƙarshe ya haɗa mu da Isa. Kyaftin ɗinsu shi ne golansu, Ummaru, wanda kowa ke kira Ɗan Turba saboda garinsu. Dogo ne, baƙi, mai baki kamar me, yana tsaron gida yana zagin 'yan gabanmu da sunayen kakanninsu. Mun ci su ɗaya, kuma ni na jefa ta. Al'adar kofin ita ce kyaftin ɗin da ya ci ya tafi da shi garinsu a dogon hutu, ya nuna wa mutanensa, ya dawo da shi idan an koma. Na naɗe shi a zanen gado, na rungume shi a bayan babbar mota tun daga birni har gida. A nan dole in faɗi abin da ke ba ni kunya har yau. Layi goma sha biyu ne a jikin kofin nan, na kwana uku ina juya shi a hannuna, amma ban karanta ko ɗaya ba sai na ƙarshe, wanda ke ɗauke da sunanmu.

Mahaifiyata, Inna, 'yar Alƙalawa ce, kuma a unguwarmu ba wadda ta kai ta tsabtar kwano. Da na isa gida aka yi ta shigowa ganin kofi, ni kuma na bar shi a ɗakinta saboda nan ne ya fi tsaro. Kashegari na tafi gona. Ashe ta ji cewa danginta na Alƙalawa za su zo ganin abin da ɗanta ya ciwo, ta ɗauko shi ta duba, ta ga tsawon shekaru da hannun mutane sun sa jikinsa ya dushe, ga wasu baƙaƙen zane-zane sun cika cikinsa. Tun daga nesa ina dawowa na jiyo ƙarar, ban kawo komai a raina ba, ƙarar kullum ce. Ina shiga na same ta ta ɗaga shi sama tana duba shi a rana. Farin da ke jikinsa ashe shafe ne, ya tafi gaba ɗaya, ya bar jan ƙarfe yana walƙiya. Sunayen ma sun bi shi, tunda tsinken mai agogo bai taɓa wuce shafen ba. Na zauna a kan turmi na riƙe kai, ƙato da ni, hawaye na zuba.

Da na yi mata bayani sai ta ce, “Yo to ni mi nas sani? Na ga abu ya yi baƙi, in bar shi hakanan baƙi su ishe shi? Da rubutun allo na, da na gane shi.” Ta dama fura a ciki ta ba mutanen Alƙalawa, suka sha suka yaba. Har ta rasu ba ta yarda ta yi kuskure ba, matsayinta shi ne an aiko mata da ƙazamin kwano ta gyara.

Da aka koma makaranta na kai shi wurin mai kula da wasanni, wani dattijo da muke kira Baba Mai Usur. Na zaci kora ce ko duka da baki. Ya juya kofin, ya shinshina shi, ya ce har yanzu yana ƙamshin tsamiya. Sannan ya sa aka kira Ɗan Turba, wanda ya riga ya ji labari yana ta yawo da shi ɗaki-ɗaki, har ya laƙaba mini Ɗan Inna, sunan da ya bi ni har tsufa. Baba ya dube ni ya ce, “Hannun gidanku yag goge, bakin gidanku ka maidawa.” Hukuncinsa shi ne in bi tsofaffin ɗalibai duk inda suke in tattaro wanda ya ci kowace shekara, in haddace, in karanta a gaban jama'a ranar wasan ƙarshe. Ɗan Turba kuma ya bi ni a matsayin shaida, don kada ɗan Sabon Birni ya ƙara wa garinsu abin da ba su ci ba. Baba ya ce ba za a sake taɓa jikin kofin da tsinke ba sai ranar da mu biyu muka zo masa da magana ɗaya.

Haka muka yi ta yawo, ni da mutumin da na fi jin haushi a duniya, daga ofis zuwa makarantar ƙauye, muna cin abinci a kwano ɗaya muna harara. Tsofaffin ɗaliban ba sa tuna lambar shekara, abin da ya faru a cikinta suke tunawa. Da haka jerin ya fito: shekarar fara, Kabawa, shekarar da rijiyar makaranta ta ƙafe, 'yan Kudu, shekarar da alƙalin wasa ya gudu, Zamfarawa. Goma sha ɗaya muka daidaita a kansu ba wahala. Guda ɗaya ta gagara, wadda ake kira shekarar ruwa. A wannan shekara ma Sabon Birni da Isa ne suka kai ƙarshe, ruwan sama ya tashi wasan muna gaba da ci ɗaya. Manyanmu suka rantse cewa a nan take aka ba su kofi. Manyan Isa suka rantse cewa an sake bugawa bayan mako guda, su suka ci. Namu suka ce wancan na biyu wasan zumunci ne kawai. Alƙalin da ya hura ya rasu. Mai agogo ya ce shi abin da aka rubuto masa a takarda yake kwafa, ba ya ajiye shi a kai. Amsar dai tana jikin kofin da na rungume kwana uku ban duba ba.

Ranar wasan ƙarshe na tsaya a tsakiyar fili na fara jero su. Da na iso wurin na ce shekarar ruwa, Sabon Birni. Sai ga muryar Ɗan Turba daga cikin jama'a: “Ƙarya kaka yi, Ɗan Inna! Isa tac ci!” Fili ya ɗauki dariya, masu kalangu suka buga, 'yan Isa suka yi ta tsalle. Baba Mai Usur ya ce to ba a daidaita ba ke nan, a bar kofi yadda yake sai baɗi. Baɗi ta zo aka maimaita. Muka gama karatu, ni na kama koyarwa a sakandare, shi ya zama malamin dabbobi yana bin rugage da allura har Fillanci ya zauna a bakinsa, amma duk shekara sai an aiko mana. Nakan sauka Isa in kwana a gidansa, da safe mu kama hanya tare, muna gardama tun daga tasha. Baba ya yi ritaya ya rasu, waɗanda suka gaje shi suka tarar da abin ya zama al'ada suka bar shi. Jikin kofin ya zauna ba rubutu, ɗalibai suna kiransa Tasar Inna ba tare da sun san ko wace Inna ba ce, jerin kuma yana ƙara tsawo a kaina. Na saba idan na ce Sabon Birni sai in ɗan dakata, in ba Ɗan Turba wuri ya tashi. Ba mu taɓa shirya haka da shi ba.

Shi ya yi mini rakiya neman aure, ni na raɗa wa ɗansa na fari suna. Ranar da aka binne Inna shi ya shiga kabari tare da ni, da muka fito ya ce mini a hankali yau an rufe wadda ta fi kowa sanin gaskiyar shekarar ruwa, tunda ita ta ga layin a ƙarshe. Na yi dariya a maƙabarta, Allah ya yafe mini.

Sai abubuwa suka lalace mana. Hanyar da muke bi muna barci a mota ta zama wadda ba a shiga sai an taru da yawa, sai an tambayi waɗanda suka iso ko lafiya. Ƙauyukan da muke tsayawa shan fura wasu sun watse, rugagen da Ummaru ke bi wasu ba a san inda suka nufa ba. Fakon bayan kasuwa yanzu bukkokin waɗanda suka baro gidajensu ne a kai. Mutum ya gaji da jin labari, ya gaji da zuwa gaisuwa, har ya gaji da tambayar yaushe za a daina. Shekara uku ba mu je birni ba, ɗalibai suna kunna muryata da suka ɗauka a waya. A cikin shekarun nan ne ciwo ya shanye wa Ummaru ɓarin jiki. Nakan kira shi idan akwai sabis, amma magana tana masa nauyi, sai mu yi gaisuwa mu ajiye.

Bana shugaban wasannin ɗalibai ya kira ni, cikin ladabi ƙwarai. Ya ce sun samo sabon kofi mai faɗin gindi, za a zana duk jerin da inji, a ajiye tsohon. Sun ji tsoron kada jerin ya tafi da ni, ko da yake bai faɗe shi haka ba. Na ga gaskiyarsu, don ni ma na fara tsallake shekaru idan ina bita. Abu ɗaya ya rage musu, mai injin ya ce layi ɗaya suna ɗaya yake ɗauka, to wa za a sa a shekarar ruwa? Na ce masa wannan ba maganata ba ce ni kaɗai, ya ba ni kwana biyu.

Ranar kasuwa na bi ayarin motoci zuwa Isa, kowa yana kallon daji. Ni kuwa ina ta shirya hujjojina, har da wata sabuwa da na ƙirƙiro don in tayar wa Ummaru da hankali. Na same shi a zaure kwance a kan katifa, dogon nan ya koma ƙashi, hannunsa na dama a ajiye a kan ciki. Na gaishe shi, na zauna, na faɗa masa abin da ya kawo ni, na jero masa hujjojina har da sabuwar, na kuma ƙara da cewa ai yanzu gaskiya za ta fito, za a rubuta garin da ya ci. Na jira. Ya dubi rufin zaure ya ce, “Su rubuta Sabon Birni.”

Na ce ban ji ba. Na ce masa ko ciwon ya taɓa kai ne, ina rantsuwar manyan Isa, ina wasan da aka sake? Na tsokane shi da ƙwallon da na jefa masa, na ce ko a lokacin ma hannunsa a shanye yake. Magana ce mai muni, na sani, so nake ya zage ni. Bai zage ni ba.

“Na gaji, Ɗan Inna,” in ji shi. “Gardama ƙarhi taka so, ni kau ba ni da shi. Na bar maka.”

Shekara arba'in da wani abu ina neman wannan kalma daga bakinsa, da ta zo sai na ji kamar an zare mini wani abu a ƙirji. Na tashi ban ci abincin da maiɗakinsa ta aiko ba. Fushi nake, kuma na san ba da shi nake fushin ba.

Na je birni ranar wasan ƙarshe. Filin yanzu yana da ciyawa da kujeru, ga lasifika, ba kalangu. Aka ajiye kofuna biyu a tebur, sabon yana ta ƙyalli, Tasar Inna a gefe ta yi duhu. Aka miƙo mini makirfo na fara, shekarar fara, shekarar rijiya, ɗalibai suna ɗaukata a waya. Da na iso shekarar ruwa sai bakina ya tsaya. Na dubi ɓangaren da Ɗan Turba yakan zauna, wasu samari ne a wurin suna cin gyaɗa. Shugaban ɗalibai ya zaci mantuwa ce, ya matso zai tuna mini. Na ɗaga masa hannu, na ce shekarar ruwa, Isa. Sannan na dakata kamar yadda na saba, ina jiran ko ɗan Sabon Birni ɗaya zai tashi ya ƙaryata ni. Akwai su da yawa a filin, na san iyayen wasunsu. Ba wanda ya motsa. Da na gama suka yi mini tafi mai kyau, shugaban ya rubuta Isa a takardarsa don mai inji, aka ba ni tsohon kofin kyauta aka ce an gode da aiki.

Ban wuce gida kai tsaye ba. Kashegari na sauka Isa da azahar, kofin a cikin jaka, na shiga zauren na ajiye shi kusa da katifar Ummaru. Idonsa a rufe yake, na ɗauka barci ne. Duk da haka na zauna na ba shi labari, sabon kofi, da lasifika, da samarin da ke cin gyaɗa a wurinsa. Na ce masa an gama, na faɗa a gaban kowa, kuma haka za a zana: shekarar ruwa, Isa ce ta ci, don dama ita ce ta ci, manyanmu ne suka yi ƙarya.

Ya buɗe ido ɗaya. Ya miƙa hannun da ke aiki ya shafa jikin kofin, inda sunaye suke a da. Na ga gefen bakinsa yana motsi, ya daɗe yana tattaro maganar.

“Ƙarya kaka yi, Ɗan Inna,” ya ce. “Sabon Birni tac ci.”

Na gyara zama a kan tabarma, na cire hula na ajiye. Na kawo masa rantsuwar manyan Isa ɗaya bayan ɗaya, yadda ya yi ta kawo mini su, shi kuma yana mayar mini da nawa hujjojin da rabin baki, har da wadda na ƙirƙiro a mota. Maiɗakinsa ta leƙo don ta ji muryarsa ta ɗaga, ta ga abin da muke, ta koma ta aiko da fura. Muna nan har aka kira la'asar, direban ayari ya aiko cewa idan ban fito ba za su tafi su bar ni, ba a bin hanyar nan da yamma. Na tashi ba mu daidaita ba.

Bai kai kaka ba. Kofin yana nan a ɗakina, maiɗakinsa ta aiko mini da shi bayan sadakar bakwai. Ya yi baƙi sosai, kwanaki jikata ta tambaye ni ko ta wanke mini shi. Na ce ta bar shi, akwai shatin yatsu a jiki.